Bizar Umara Ba Iƙama Ba Ce

Jama'a, yau kam sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Daga Kwanar Dangora zuwa Kiru, Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, mutum sai ya sayar da gonar gado ko shanun huɗa ya miƙa wa ejan, wai a yi masa bizar Umara. Ejan ya ce: "Kai dai ka shiga, in kwanakinka sun ƙare za a ƙara maka." Wallahi ƙarya ce.

Bizar Umara tana da wa'adi. A 2022 Saudiyya ta mayar da shi wata uku daga wata ɗaya, kuma ba takardar aiki ba ce. Wadda ake iya sabuntawa ita ce ta ziyarar dangi, ita ma sai wanda ya gayyato ka ya nema a manhajar Absher kafin ta mutu. To kai wa ya gayyato ka? Ranar da wa'adinka ya cika ba ka fita ba, ka zama mai laifi: tara har riyal 50,000, ɗauri har wata shida, sannan a tuso ƙeyarka. Ejan yana Kano yana cin kuɗinka, kai kana Shumaisi kana jiran jirgi.

Masu cewa "ai zan maƙale ne in yi Hajji," ku tuna 2024. Mutum 1,301 suka rasu a aikin Hajjin shekarar, kuma Saudiyya ta ce kashi 83 cikin 100 ba su da izini. Ba tanti, ba mota, sai tafiyar ƙafa cikin rana. Allah Ya ce Hajji sai mai iko. Wa ya ce ka je ka kashe kanka?

Na san za a ce talauci ne, taki ya yi tsada, masara ba ta biya. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mai gona in damina ta ƙi shi bana, yana da baɗi. Wanda aka dawo da shi da leda ɗaya fa, gonar wa zai shiga? Kuma ba shi kaɗai yake cutuwa ba. A Nuwamban 2023 an soke bizar fasinja 264 da jirgin Air Peace ya kai Jidda, aka dawo da 177. Ko mene ne dalilin, fasfo ɗinmu ne ake kallo da zargi.

Mu ma na gida da laifinmu. In aka aiko da dabino da jallabiya sai mu ce wane ya dace, ba mai tambayar a wane lungu yake kwana. Malamai, ku faɗa a huɗuba. Iyaye, kafin ku sa hannu a takardar cinikin gona ku tambayi ejan: wace irin biza ce, kwana nawa, wa zai ƙara? In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Allah Ya kai mu ta halastacciyar hanya, Ya dawo da mu da mutuncinmu.