Ƙiba da Kitsen Jini: Rabon Mai Ciki a Kifin Argungu

Sanin kowane ɗalibin kimiyyar halittu ne cewa ɗa yana gadon ƙwayoyin halitta daga iyayensa. Abin da ba a cika jaddadawa a aji ba shi ne, jiki yana ɗora wa waɗannan ƙwayoyi wasu 'yan alamomi na sinadarin metil, waɗanda ke buɗe wata ƙwaya su rufe wata, ba tare da rubutun gadon ya sauya ba. Wannan fanni shi ake kira epijenetik, sunan da Conrad Waddington ya raɗa a 1942.

A 2003, masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun ƙara wa ɓeraye mata sinadaran folet, kolin da bitamin B12 kafin ciki da lokacinsa. Iri ne mai launin rawaya da saurin ƙiba, amma sai 'ya'yan suka fi fitowa da duhun gashi, launin da ke tafiya da rashin teɓa. Ɗan Adam ma bai tsira ba. Mutanen Holan da aka ɗauki cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945 sun girma da yawan ƙiba da gurɓatar kitsen jini fiye da tsararrakinsu, kuma a 2008 aka tarar alamomin metil na ƙwayar IGF2 sun ragu a jikinsu, bayan shekara 60! A yankin Keneba na Gambiya kuwa, an ga alamomin yaran da aka samu cikinsu da damina sun bambanta da na rani.

To, damina a kwarin Rima ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa kafin kaka, ga aikin fadama a wuyan mata da maza. Abin takaici, ƙasar da ake bikin kamun kifi tun 1934 ba ta rasa maganin ba. Kifi yana da B12 da kolin, wake da zogale suna da folet. Sai dai giwan ruwa kasuwa yake tafiya, tsoka kuma kwanon maigida, mai ciki ta tashi da tuwon shinkafa da romo.

Wannan rabo ya kamata a sake. Da yake alamomin suna kafuwa tun makonnin farko, kafin mace ta san tana da juna biyu, jiran ranar awo a asibiti ya makara. Tun amarya tana ɗaki za a fara. Malaman sakandare na Birnin Kebbi da Argungu su haɗa wannan bayani da darasin Mendel, domin ɗaliban da ke gabansu su ne za su riƙa cefane da rabon miya nan da 'yan shekaru.