Tsohon da ya yi shifta ga rakoda

 Ku sani akwai wani tsoho mutumin Indiya, sunansa Jiddu Krishnamurti, an haife shi a 1895. Tun yana yaro waɗansu masu neman ilmin ɓoye su ka ɗauke shi, su ka ce shi ne malamin da duniya ta ke jira, su ka kafa masa jam'iyya mai mabiya dubbai. A 1929, a garin Ommen na ƙasar Holan, ya miƙe gaban jama'a ya rushe ta, ya ce kada kowa ya bi shi. Ba aƙidarsa na zo in tattauna ba, hanyarmu dabam tasa dabam. Aikin da ya yi da tsufansa shi ne abin dubawa.

Sa'ad da ya kai shekara 87 hannunsa ya kama rawa, alƙalami ya gagare shi. Sai aka aje masa rakoda a gidansa na Ojai, cikin Kalifoniya ta Amurka. Daga 25 ga Fabrairu 1983 ya riƙa yi mata magana da safe shi kaɗai, wata rana ya yi, wata rana ya bari. Ya kan fara da duwatsu da itatuwa da tsuntsayen kwarin, sa'an nan ya gangaro kan tsoro da yaƙi da mutuwa. Ya rasu a Fabrairu 1986, aka buga maganar littafi a 1987.

Waɗansu za su ce wannan ta fi shiftar da mu ka sani, domin rakoda ba ta mantuwa, ba ta ƙara wa malam gishiri. Gaskiya ne, na yarda. Amma fa rakoda ba ta cewa: Allah gafarta malam, ban gane ba. Shi kansa tsohon ya ji wannan rashi, don a wurare da dama sai ya ƙago baƙo a zuciyarsa, baƙon ya yi tambaya, ya yi gardama, shi kuma ya ba da amsa. Mutumin da ya kori mabiya, ga shi ya rasa yadda zai yi sai da mai tambaya.

Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Malamina da ya karantar da ni nahawu ya yi shekara biyu hannu ba ya riƙe alƙalami, amma hankalinsa garau. Mu kan je mu gaishe shi, mu durƙusa, mu tashi. Kunya ta hana mu tambaya, mu na cewa kada a gajiyar da tsoho. Ba mu rubuta kome ba, ba mu ɗauki muryarsa ba. Yau akwai mas'aloli uku da na san yana da warwararsu, na rasa wanda zan je wa.

Maganar Krishnamurti ta ƙarshe ranar 30 ga Maris 1984 ce. A kan wani busasshen ganye da ya gani a hanya ya fara ta, daga nan ya shiga yadda ya kamata a gaya wa yara labarin mutuwa.