Lafiyar Iyali: Ciwon Hawa da Sauka

Wata uwargida daga birnin Katsina ta rubuto mana a kan maigidanta, wanda tela ne. Ta ce gab da Kirsimeti ya yi kwana biyar yana ɗinki ba barci, bakinsa bai huta ba, ya ci bashi ya sayi kekunan ɗinki biyu, ya rabar da kuɗin makarantar yara. Bayan wata biyu kuma sai ya shige ɗaki, ba ci, ba wanka, yana cewa gara ya mutu. Wannan ne karo na uku. Dangi sun ce sammu ne. Ta tambaye mu, ina za ta sa kanta?

'Yar'uwa, ba mu ga maigidanki ba, likita ne zai faɗi abin da ke damunsa. Amma abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira baifola, wato ran mutum ya hau can sama, sa'an nan ya faɗo ƙasa warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 40 a 2019. Yakan bi jini, kuma ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato. In ya sake ambaton mutuwa, kada ki jira gari ya waye, kada kuma ki bar shi shi kaɗai.

Abu ɗaya muke roƙo, kada a sa masa mari. Ba mu manta da Oktoba 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina, aka fito da mutane da tabon sarƙa a ƙafa. Kada mu yi saurin nuna yatsa, gama binciken da aka yi a shekarar ya iske ana ɗaure marasa lafiya a waɗansu gidajen addu'a na Kirista ma. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tsare mutuncin irin waɗannan bayin Allah.

Magani kuwa akwai. Tsohon cikinsu shi ne litiyam, wanda wani likita a Ostareliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. Yana bukatar awon jini a kai a kai. Mu mutanen Katsina sai mu ƙara kula, domin zafin bazara, da zawo, da azumi ba ruwa suna busar da jiki, maganin ya taru a jini ya zama dafi. Magungunan ciwon jiki na kemis, irin su ibufurofen, su ma haka suke yi. In hannu ya kama rawa sosai, ga amai, ga tangaɗi, a garzaya asibiti. Akwai kuma Tegretol da Epilim, amma Epilim yana iya lahanta jariri a ciki, saboda haka mace ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Inda yawanci ake tuntuɓe shi ne bayan an sami sauƙi. Mutum ya ce ya warke, ko ya gaji da ƙiba da nauyin jiki, ko kuɗi ya yanke, sai ya ajiye ƙwaya, ciwo ya dawo. Mun sha jin an ba da shaida a sujada an zubar da magani. Mu dai ba mu ga inda addu'a ta yi faɗa da ƙwayar likita ba.

A nan ne zumunci ke shigowa. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, maimakon a kulle su. A Ingila masu wannan ciwo sun kafa ƙungiyarsu a 1983. Mu da muka san Zumuntar Mata da adashi, wannan ba baƙon abu ba ne. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ki roƙi nas ta haɗa ku da waɗanda suka yarda, ku riƙa zama bayan ganin likita. Wanda ya taɓa sayar da babur ɗinsa cikin hawan ciwo, maganarsa ta fi shiga kunnen maigidanki fiye da taki. Abin da aka faɗa ya tsaya a wurin, ba kuwa mai ba wani ƙwayarsa.

Kowa ya faɗa wa sauran alamarsa ta fari. Ga da yawa, raguwar barci ce. In maigidanki ya kwana biyu a kan keken ɗinki bai ji gajiya ba, ki kira ɗaya daga cikinsu, ku raka shi asibiti tun ranar da aka ba shi ba ta zo ba.