Alhaji, ranar da iyaka ta rufe, ina yaranka suka tafi?

Ƴan uwa, sau biyu cikin shekara biyar muka ga an rufe iyakar Ɗan Isa: a 2019 zamanin Buhari, sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO. Duk biyun abu guda na gani a Madarunfa: motocin kaya sun tsaya, masu gida suka ce wa yaran shago su je gida "sai an buɗe". Wani yaron unguwarmu, shekara tara yana yi wa maigidansa hidima, haka ya fita hannu rabbana, ya nufi Libiya.

Ni dai a ganina, ranar tsanani ake gane shugaba. Da yawa cikin manyan ƴan kasuwarmu, lissafi a ka, makulli a aljihu, yaro bai ma san inda ake saro kaya ba. In naira ta faɗi, mutum ɗaya ke tunani. In ya kwanta ciwo, shago ya kwanta.

Alhaji, don Allah a rubuta lissafi, a koya wa yara harkar, a yi musu tanadin ranar rufe iyaka. Iyayenmu da jari suke sallamar yaro. Me ya hana mu?