A Kira Dawa Da Sunanta

A kasuwar Arzeke ta Faraku da kasuwar Jugu mun saba jin "ai dawa dawa ce". Sam, ba haka ba ne. Masu dafa cukutu, wato burukutun arewacin Benin, jar dawa suka fi nema. Mai tuwo fara-fara take so, wata kuma sai ƙaura. Wanda ya gauraya su a buhu guda ya ci ribar yini, ya kori abokin cinikin shekara. Turawa furen hop da suke sa wa giya da sunan yankinsa suke sayarwa: Saaz daga ƙasar Cek, Hallertau daga Jamus. 'Yan kasuwarmu, mu ma mu riƙa faɗin iri da garin da aka nomo shi.