Wa Zai Kai Mai Kanya? Direban Tanka, Ladansa da Hanyar Zuru

Duk wanda ya san Kanya, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, ya san man fetur ba ya isa garin sai ya bi ta hannaye da yawa. Daga tankar da ta taso daga Legas zuwa gidan mai, daga nan zuwa jarkokin da ake ɗaurawa a bayan babur, sannan zuwa kwalaben 'yan bumburutu a bakin kasuwa, kowane hannu da abin da yake ɗorawa. Manomin da zai kai buhun dawa kasuwa da matar da ke jiran injin niƙa ya tashi, su ne ke biyan jimillar. Idan ana maganar tsadar mai akan tsaya ga janye tallafin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023. Ra'ayin wannan maƙala shi ne akwai wani dalilin da ba a cika dubawa ba, wato halin da mai riƙe da sitiyarin tankar yake ciki.

A da, an tsara yadda mai zai isa Arewa ba tare da doguwar tafiya a kan titi ba. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana tura mai ta bututu zuwa ma'ajiyoyi irin na Kano da Gusau, daga can tankoki su rarraba shi. Haka kuma asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 yana biyan kuɗin dako, domin kada nisan gari ya zama laifin mazauninsa. Yanzu matatar ta daɗe a tsaye, dokar man fetur ta 2021 ta haɗe asusun cikin sabuwar hukuma, bayan janye tallafin kuma aka bar farashi a hannun kasuwa. Sakamakon haka, man da za a ƙona a ƙasar Zuru sai ya ratso Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora a bayan mota. Aikin da bututu yake yi a da ya koma wuyan direba.

Abin da ya faru a Birtaniya a watan Satumba na 2021 ya isa darasi. Akwai mai a matatu da ma'ajiyoyi, amma gidajen mai da yawa suka bushe saboda babu masu tuƙa tankoki. Ƙungiyar masu manyan motoci ta ƙasar ta ƙiyasta giɓin direbobi kusan 100,000. Ficewa daga Tarayyar Turai da annobar korona da sauyin dokar harajin direbobin da ke aiki ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata duk sun taimaka. Ƙarshe sai da gwamnati ta yi tayin bizar wucin-gadi ga direbobi 5,000 daga waje, ta kuma sa sojoji suka tuƙa tankoki. Ƙasa mai arziki ta gane a makare cewa mai ba ya kai kansa gidan mai.

A Arewacin Nijeriya masu iya tuƙi suna da yawa. Ƙarancin da ake fama da shi na gogaggun direbobi ne waɗanda za su yarda su bi kowace hanya a kan ladan da ake ba su. Da yawansu ba su da tsayayyen albashi, ana biyansu ne gwargwadon zirga-zirga, tare da kuɗin hanya da shingaye kan cinye kafin a isa. Idan aka auna man aka ga ya ragu, sau da yawa direba ake yanka wa. Inda wani dillali ya shiga tsakaninsa da mai kaya, kamashonsa daga gumin direban yake fita: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba banza ba ƙungiyar NUPENG ta daɗe tana kokawa da ɗaukar ma'aikatan wucin-gadi a harkar mai.

A ƙasar Zuru akwai ƙarin nauyi. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka far wa ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya, suka kashe sojoji da 'yan sanda da dama. Direban da ya ji wannan labari yana da lissafinsa. In dai ladan zuwa garin da ke kan babban titi da na shiga hanyar da ake fargaba duk ɗaya ne, me zai kai shi? Mai motar ma ba zai so ya jefa jarinsa cikin haɗari ba. Ta haka rashin tsaro yake komawa tsadar mai, tsadar mai kuma ta koma tsadar niƙa da dako da zuwa asibiti.

Za a iya cewa masu motoci ma suna cikin matsi, kuma gaskiya ne. A watan Fabrairu na 2024 ƙungiyarsu, NARTO, ta dakatar da dakon mai saboda kuɗin dako bai kai abin da suke kashewa a man gas da kayan gyara ba. Za a kuma iya cewa motoci 4,000 masu amfani da iskar gas da matatar Ɗangote ta sanar a 2025 za su warware matsalar. Sai dai yajin aikin da NUPENG ta shiga a watan Satumba na wannan shekarar, kan 'yancin direbobin sababbin motocin na shiga ƙungiya, ya nuna cewa ko an sabunta mota, batun mai tuƙa ta yana nan.

Mafita tana da fuska uku. Ta farko, rubutacciyar yarjejeniya ga kowane direban tanka, mai albashin wata da inshorar rai da alawus na musamman ga hanyoyi masu haɗari, wanda za a sa cikin kuɗin dako a fili. Ta biyu, farfaɗo da bututu da ma'ajiyar Gusau, domin taƙaita tafiyar da ke gajiyar da mutum da mota. Ta uku, mutunta tsarin koyon sana'a na gargajiya. Gogaggen direba daga karen mota yake tasowa, wanda ke shafe shekaru yana wanke mota da sa waigi da koyon halin hanya kafin a miƙa masa sitiyari. Idan matashi ya ga ubangidansa ya tsufa ba shi da komai, sai ya zaɓi acaɓa, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan manazartan Hausa suke da nasu aikin. Ɗanmaraya Jos ya fito da karen mota fili da waƙarsa, amma rayuwar direbobi ta yau, da saransu da rubuce-rubucen jikin motocinsu da labaran da suke bayarwa a tasha, tana buƙatar masu tattarawa. Ƙasar Zuru, inda Hausa ke haɗa Dakarkari da Fakkawa da Kambari da baƙin direbobi a kasuwa guda, fage ne mai kyau na irin wannan bincike. Wanda ya saurari direba a tashar Zuru zai fahimci dalilin da ya sa litar mai take da farashi biyu, ɗaya a birni, ɗaya a Kanya.