Daga September Zuwa Petra Marklund: Ci Gaba Ne Ko Ci Baya?

A shekarar 2008 wata waƙar rawa mai suna "Cry for You" ta hau mataki na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, ta kuma leƙa cikin jerin waƙoƙi 100 na mujallar Billboard ta Amurka. Mai waƙar 'yar ƙasar Suwidin ce, ana kiran ta September. Bayan shekara huɗu, wato a 2012, sai ta jingine wannan suna, ta jingine Ingilishi, ta fitar da kundi mai suna Inferno cikin harshen ƙasarsu, da sunan da iyayenta suka raɗa mata, Petra Marklund. Mai lissafin kasuwa zai ce ta yi wauta, domin masu magana da harshen Suwidin duka-duka kimanin miliyan 10 ne. Ni kuwa a nawa ra'ayin, wannan ne mataki mafi hikima da ta ɗauka a sana'arta, kuma dalilin yana cikin harshe ne, abin da ni da kai mai karatu muke nazari kullum.

An haife ta a 1984, ta fara fice a gida tun 2003 tana ƙasa da shekara 20. Mutum uku ne ke tsara mata waƙa da kiɗa a wancan zamani: Jonas von der Burg da Niclas von der Burg da Anoo Bhagavan. Su suka samar da "Satellites" ta 2005, su ne kuma suka samar da "Cry for You", wadda ta fita a Suwidin tun 2006 kafin ta ƙetara teku. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar. Tun daga ABBA da Roxette har zuwa Max Martin, mutanen Suwidin sun mayar da waƙar Ingilishi hajar fitarwa waje, kamar yadda suke fitar da motar Volvo.

To amma wane irin Ingilishi ne? Na gidan rawa ne. Kalmomi kaɗan, masu sauƙi, ana maimaita su, yadda Bajamushe da Baturke da mutumin Polan za su iya bi ko da ba su ƙware ba. Aikin kalma a nan shi ne ta zauna daidai kan kiɗa. Ba na raina wannan, don shi ma gwaninta ce, kuma muryar Petra mai kauri ta sa wa waƙoƙin wani nauyi da ba kowa zai iya ba. Sai dai mai saurare irin wannan waƙar ya sani, bai san mai ita ba. Ko sunan ma, September, sunan wata ne kawai, ba ya nuna ƙasa ko iyali. A Birtaniya waƙar da ta biyo baya, "Can't Get Over", ta ɗan taɓa a 2009, daga nan kasuwar ta fara juya baya, kamar yadda takan yi wa kusan duk mawaƙan disko.

Inda al'amari ya sauya shi ne 2010, lokacin da ta shiga wani shiri na tashar TV4 mai suna Så mycket bättre, inda mawaƙa ke zama tare kowa ya rera waƙar ɗan'uwansa da salonsa. Sai ta ɗauki "Mikrofonkåt", tsohuwar waƙar Petter, mawaƙin salon gambarar zamani, ta mayar da ita ta rawa, cikin harshen Suwidin. Waƙar ta hau mataki na 1 a ƙasar ta yi makonni a can.

A nan ne nake son ɗalibin harshe ya tsaya ya duba da kyau. An sake buga wannan waƙa da Ingilishi, aka sa mata suna "Me & My Microphone". Murya ɗaya, kiɗa ɗaya, amma ba ta yi ko kusa da tasirin ta asali ba. Dubi sunayen biyu kawai. Na asalin kalma ɗaya ce harɗaɗɗiya, makirfo da kuma "kåt", wadda ke nufin matsananciyar sha'awa, kalmar da ke da ɗan rashin kunya a bakin mutanen Suwidin. Wanda ya ji mace mai waƙar soyayya ta ari wannan baƙar ta namiji ɗan gambara, dole ya yi murmushi, don ya san mai ita, ya san zamanin da ta fito. Na Ingilishin kuwa cewa kawai ya yi "ni da makirfona", salam, babu gishiri. Duk wanda ya taɓa zufa a darasin fassara ya san irin wannan asara.

Za a iya ce mini ai ga Robyn, ita ma 'yar Suwidin, ba ta bar Ingilishi ba, ta kuwa zama mai cin gashin kanta. Haka ne. Ita kamfanin faifai ne ya ɗaure ta, sai ta kafa nata, Konichiwa Records, ta fitar da kundi a ƙarƙashinsa a 2005. Saboda haka ba cewa nake ba duk mai waƙa da harshen aro bawa ne. Ita Petra matsalarta daban: tana da waƙar da duniya ta sani, amma ba ta da jama'ar da za ta tsufa tare da su. Irin waɗannan jama'a kuwa sai inda ake jin habaicinka da barkwancinka, a kuma kama ka in ka yi baiti maras daɗi. Waƙa da harshen gida ta fi wuya ta wannan fuska, tun da babu mafaka a bayan kiɗa.

Akwai hasara, ba na musu. Inferno ya hau mataki na 1 a Suwidin, waƙar "Händerna mot himlen" (ma'ana hannuwa sama) ta cika gidajen rediyon ƙasar, amma a Landan ko Legas da ƙyar ka sami wanda ya taɓa jin ta. In an san Petra a waje, da "Cry for You" aka san ta.

Ga abin da ta samu a madadin haka. A 2014 da 2015 ita ce ta jagoranci Allsång på Skansen, taron waƙa na lokacin zafi a birnin Stockholm wanda aka fara tun 1935, ake kuma nunawa a talbijin na ƙasa. A wannan taro dubban mutane ne, kaka da jika, ke rera tsofaffin waƙoƙin ƙasar tare, jagora yana ja suna amsawa. Kundinta na gaba, Ensam inte stark na 2015, shi ma da harshen Suwidin ta yi shi.